Babi Na Bakwai: Jinyar Matashi Mai Sankarar Jini

Da wuya sankarar jini ta shigo gida da sunanta. Yawanci da zazzaɓi take sallama. Saurayi ɗan shekara 22, wanda ko a watan jiya shi ke tsaron baya a ƙwallon unguwa, sai a ga ya fara kasala, hawan bene ɗaya ya bar shi da haki. A je kemis a karɓo maganin maleriya, jiki ya lafa, bayan mako biyu ya dawo. A ce taifot ce, a jera allurai. Rannan ya yi asuwaki ya tofar da jini, ko haɓo ya ɓalle ya ƙi tsayawa, ko a ga tabo baƙi-baƙi a cinyarsa alhali bai bugu da komai ba. In budurwa ce, al'ada ta zarce kwanakinta, fuska ta ɗashe. A nan ne wani likita zai ce a ƙirga ƙwayoyin jini, kuma da sakamakon ya fito ba zai ƙara rubuta magani ba. Takarda zai rubuta zuwa sashen cututtukan jini na babban asibiti, ko na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Asibitin Ƙasa na Yamai ga mutanen Nijar.

A can za a kwantar da shi a gefe ɗaya, a kashe fatar ƙugu da allura, a zuƙo ɓargo daga cikin ƙashi. Gwajin ba ya daɗewa, amma yana da zafi, kuma ranar ce za ka gane an ɗora maka aikin da ba ka taɓa koya ba. A asibitocinmu mai jinya ba ɗan rakiya ba ne. Shi ke kai jini ɗakin gwaji ya karɓo sakamako, shi ke bin layin biyan kuɗi, shi ke shiga gari neman maganin da babu a kantin asibiti, shi ke lura ruwan da aka ɗaura ya ƙare ya je ya kira nas. Wannan duk wanda ya taɓa zaman jinya ya sani. Inda wannan jinya ta fita daban shi ne, yawancin abin da muka gada a matsayin kula da mara lafiya, wato cika masa ɗaki da 'yan dubiya, kawo masa duk abin da ransa ya so, ɓoye masa labari mara daɗi, da mayar da shi gida da zarar ya murmure, kowanne a nan yana iya zama sanadin rasa shi.

Ɓargo shi ne gonar jini. A cikinsa ake samar da jajayen ƙwayoyi masu kai iska sassan jiki, da farare masu yaƙar cuta, da ƙananan nan masu toshe kafa in jini zai zuba, waɗanda a ɗakin jinya za ka ji ana kira filatilet. Sankarar jini ƙuduji ce a wannan gona: wani iri na fararen ƙwayoyi ya lalace, ya ƙi nuna, ya yi ta yaɗo har ya shaƙe komai. Daga nan kasala take, da zazzaɓin da ba ya jin magani, da zubar jini. Shi kuwa kemo, maganin da ake yaƙar sankarar da shi, ba ya iya tsince ƙuduji ya bar gero. Gonar yake ƙonewa baki ɗaya, a zauna jiran irin kirki ya sake tsirowa.

Tambayar farko da mai jinya zai yi wa likita ita ce, wacce iri ce? A rubuta maka amsar a takarda. Manyan nau'o'in huɗu ne, likitoci suna kiransu da haruffa: ALL da AML masu gaggawa, CML da CLL masu tafiya a hankali. Ta ƙarshen ta fi samun tsofaffi, ba ita ce maganarmu ba. Sauran ukun kuwa kowacce da rayuwar da za ta shimfiɗa wa gidanku.

In an ce CML ce, a yi hamdala a ɓoye, domin galibi ba ta buƙatar doguwar kwanciya. A 1960 Peter Nowell da David Hungerford suka gano lahanin da ke jawo ta a birnin Filadelfiya na Amurka, a 2001 kuma aka fito da maganin imatinib, wanda aka fi sani da Glivec, ƙwayar da ake haɗiya kullum mutum ya ci gaba da karatunsa da sana'arsa. An yi shekaru da dama asibitin koyarwa na Ile-Ife ne cibiyar da ake raba shi kyauta a Nijeriya, ƙarƙashin shirin kamfanin Novartis da gidauniyar Max, mutanen Arewa suna tafiya takanas har can. AML kuwa ita ce mai kwantar da mutum. Tsarin da aka saba fara mata da shi tun 1973 ana kiransa bakwai da uku: cytarabine ta jijiya kwana 7 ba yankewa, daunorubicin kwana 3. Na biyun ja ne, kuma yakan rina fitsari na kwana ɗaya ko biyu, kada a tsorata a ɗauka jini ne. Gado kuma a ƙaddara kusan wata guda ne a zagayen farko kaɗai. Akwai wani reshe nata, APL, mai saurin kisa da zubar jini a makonnin farko, amma tun da likitocin Shanghai suka gwada mata wani sinadari ɗan uwan bitamin A a shekarun 1980 ta zama cikin waɗanda aka fi warkarwa. ALL ita ce mai cin lokaci, shekara 2 zuwa 3, da allurar gadon baya a kai a kai, saboda ƙwayoyinta sukan ɓuya a ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, inda maganin jijiya ba ya isa sosai. A ƙasashe masu wadatar kayan aiki kusan 9 cikin 10 na yaran da suka kamu da ita suna rayuwa. Matasa ba su kai haka ba, amma binciken da aka yi a Amurka da Faransa tun farkon shekarun 2000 ya nuna sun fi samun sauƙi in an bi da su ta tsarin maganin yara maimakon na manya. Ba rashin ladabi ba ne ka tambayi likita wane tsari aka ɗora ɗan'uwanka a kai.

Wannan magana ta yara da manya ba a magani kaɗai ta tsaya ba. Matashi ba shi da gurbi a asibiti. Ya wuce ɗakin yara, sai a ba shi gado a ɗakin maza ko na mata, tsakanin dattawa masu ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki, sa'o'in kakansa, babu wanda zai yi hirar ƙwallo ko jarrabawa da shi. A idon iyaye kuma har gobe yaro ne. Likita zai ja mahaifi baranda su yi magana ƙasa-ƙasa, a dawo a ce masa, “Ƙarancin jini ne, za a ƙara maka ka warke.”

Lokacin jinyar ƙanena shawarar manya ke nan, kada a faɗa masa. Wani dare, ɗaki ya yi tsit, sai ya kira ni.

“Yaya.”

“Na'am. Wani abu ke maka ciwo?”

“A'a. Ledar ruwan nan da ake ɗaura min akwai suna a jikinta. Na duba a waya tun shekaranjiya.” Ya yi shiru, sannan ya ce, “Kada dai ka gaya wa Umma na sani. Hankalinta zai tashi.”

Ga uwa tana fita baranda ta yi kukanta ta wanke fuska ta dawo da murmushi, ga ɗa yana kwana da tsoronsa shi kaɗai don kada ya karya mata zuciya. Ban ga wanda wannan ɓoyon ya amfana ba. A zamanin da kowane matashi ke da waya a ƙarƙashin matashin kai, ba a iya ɓoye masa sunan cutarsa. Abin da ake iyawa kawai shi ne a bar shi ya ji daga intanet, inda zai ci karo da alƙaluman da suka tsufa, ko waɗanda aka haɗa da na 'yan shekara 70, ya kuma rasa wanda zai tambaya. Ban da haka, wanda ya kai shekara 18 shi ke da haƙƙin amincewa da abin da za a yi wa jikinsa. Kuma wanda aka gaya wa ƙarancin jini ne, don me zai tashe ka tsakar dare saboda ɗan sanyi-sanyi da ya ji? Don me zai ci gaba da haɗiyar ƙwaya shekara biyu bayan ya ji garau?

Faɗar gaskiya ba yana nufin a juye masa komai lokaci guda ba. A fara da jin abin da ya riga ya sani, da iyakar abin da yake son ji yau. Likita ya yi bayani a gabansa, da shi za a yi maganar, ba a kansa ba. Shi kuma zai zaɓi wanda za a gaya wa a dangi da abokai. In ta kai ga neman taimako a Facebook ko WhatsApp, a nemi izininsa kafin a ɗauki hotonsa kwance da robar ruwa a hannu, domin hoton zai daɗe yana yawo bayan shi ya miƙe yana neman aiki ko aure. Kuma a toshe bakin masu raɗe-raɗi tun da wuri: ba a ɗaukar wannan cuta ta cin abinci tare ko ta numfashi, kuma a mafi yawan lokuta ba gadonta ake yi ba yadda ake gadon sikila. Babu dalilin fasa auren ƙanwarsa.

Akwai wata tambaya da kunya ke hana uba yi, ɗa kuma ba zai yi ta a gaban uba ba, ita ce ta haihuwa. Wasu magungunan kemo suna taɓa maniyyi da ƙwan mace. Da yawa sukan dawo daidai bayan an gama, amma ba kowa ba, kuma maganin da ake yi kafin dashen ɓargo shi ya fi illa. Lokacin tambayar kafin a ɗaura ledar farko ne, domin a manyan birane akwai asibitocin haihuwa masu adana maniyyi. Wani lokaci cutar ba ta ba da damar jira, amma a tambaya. Wannan aikin yaya ne, ko kawu, ko goggon da yarinya ke sakewa da ita. In kuma mai aure ne, a ji daga likita yadda za a kauce wa ciki har a gama magani.

Kwanakin da ake ɗaura kemo ba su ne mafi haɗari ba, ko da yake su ne masu amai da tashin zuciya. Haɗarin yana zuwa bayan an cire ledar ƙarshe, kamar kwana 7 zuwa 14 da farawa, lokacin da tsofaffin ƙwayoyi suka ƙare sababbi ba su fito ba. A lokacin ne dangi ke cewa alhamdu lillahi an gama, a lokacin ne kuma jikin ba shi da mai tsaro ko ɗaya. Ka sayi littafin rubutu da ma'aunin zafi naka na kanka. Duk ranar da aka yi gwaji ka rubuta abu uku. PCV, ma'aunin jajayen ƙwayoyi, wanda a lafiyayyen namiji yake tsakanin 40 da 50. Filatilet, da ya kamata su kai 150,000 zuwa 450,000, kuma in sun sauka ƙasa da 10,000 jini na iya ɓallewa ba tare da rauni ba. Sai niyutirofil, dakarun fararen ƙwayoyi, waɗanda in sun yi ƙasa da 500 ƙwayar cutar da ke zaune lafiya a bakinsa ko hanjinsa ta isa ta shiga jini ta kayar da shi cikin sa'o'i.

Saboda haka lamba ɗaya ce za ka haddace, 38. Da ma'auni ya nuna 38, ko ya fara rawar ɗari ko da bai kai ba, ba a jira gari ya waye, ba a jira zagayen likitoci, ba a ba shi farasitamol a ce bari mu gani. Farasitamol zai sauke zafin ya bar cutar tana aikinta a ɓoye. Ƙa'idar da likitocin duniya suka yarda da ita ita ce a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa guda. A ɗakin da nas ɗaya ko biyu ke duba gadaje masu yawa da dare, kai ne za ka sa wannan awa ta tabbata. Ka je da ladabi, ka faɗi maganar da za ta sa a tashi: “Sista, don Allah, mai kemo ne, fararen ƙwayoyinsa sun sauka, zafinsa 38 da rabi.” In an ce ka jira, ka koma bayan minti goma. Gara a ce ka cika naci.

Yanzu ga dubiya. Ba na cikin masu raina ta. Sannu da jiki da Allah ya sa kaffara suna ɗaga mara lafiya fiye da yadda likita zai iya aunawa. Amma mota guda ta dangi daga ƙauye, da goyo, da mai tari, da mai mura, kowa ya miƙa hannu a gaisa, wasu su zauna a bakin gado, wannan a makon da jini ya sauka ba alheri ba ne. Wahalar ita ce wa zai tsayar da Baffa a bakin ƙofa? Yaron gida ba zai iya ba. Dabarar da na ga tana aiki ita ce a ɗora wa likita laifin, shi ba ya jin kunyar kowa: “Baffa, ka yi haƙuri, likita ne ya hana shiga sai mutum ɗaya, da takunkumi, bayan an wanke hannu da sabulu.” A shimfiɗa wa sauran tabarma a waje, uwa ko uba su karɓi gaisuwa a can, a kira majinyaci a waya su ji muryarsa. Kai ma mai jinya in mura ta kama ka, ka ba wani wurin.

Kowane ɗan dubiya da kwanonsa yake zuwa, kuma bakin mai kemo ba ya son komai sai abin da aka hana. Doka ɗaya ta wadatar: abin da aka dafa ya dahu, aka kawo da zafinsa, aka ci nan take. Kunu, fate, farfesu, dafaffen ƙwai, tuwo mai laushi. Nonon da ba a dafa ba, da furar kan hanya, da latas da kabeji ɗanye, da yankakkiyar kankana ta baro, da tsiren da ya sha ƙura, duk su jira. Lemo da ayaba a wanke a ɓare da hannu mai tsabta. Ruwa a tafasa ko a sayi wanda aka amince da shi, kuma ya sha da yawa a farkon magani, saboda ƙwayoyin da ke mutuwa suna zubar da dattin da zai iya toshe ƙoda. Don haka ne ma ake ba shi allopurinol. Baki yakan yi gyambo har haɗiyar yawu ta gagara. A ajiye asuwaki, a koma burushi mai laushi da kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi. Gidan sauro kuwa ko a asibiti a ɗaura.

Za a kawo maka magunguna kala-kala, kuma duk mai kawowa da zuciya ɗaya ya kawo. Addu'a da tofi babu likitan da zai hana. Abin da zai shiga ciki ko ya huda fata shi ne abin tsoro. Jiƙo da sassaƙe ta hanta da ƙoda suke bi, su kuwa suna fama da kemo. Ƙaho da tsaga ga mai filatilet 8,000 ba sai an faɗa ba. Haka allurar ɗuwawu ta kemis, da asfirin, da ibuprofen, da diclofenac, dukkansu suna iya jawo zubar jini. Azumin Ramadan addini ya riga ya ɗauke wa mara lafiya, haka an yarje masa salla a zaune ko a kwance, da taimama in ruwa zai cutar. Matashi mai riƙo da ibada yakan ji kamar ya gaza. Malamin da yake girmamawa ya fi ka iya kwantar masa da hankali a kan wannan.

Jini shi ne abin da zai fi ba ka wahala bayan kuɗi. Mai AML zai iya shan leda da yawa kafin ɓargonsa ya farfaɗo, kuma tsarin da aka saba a nan shi ne ka kawo mai bayarwa a ba ka leda. Jajayen ƙwayoyi suna yin mako biyar zuwa shida a firji, amma filatilet kwana 5 ne kacal, ba a sa su a firji, kuma ba kowane asibiti ke da injin ware su ba. Kada ka bari sai an ce a kawo jini yanzu-yanzu. Tun makon farko ka rubuta sunayen masu bayarwa da rukunin jininsu da lambar wayarsu. A nan ne abokan da aka hana shiga ɗaki za su yi amfani: 'yan ajinsu, 'yan ƙungiyar ƙwallo, matasan masallaci, 'yan majalisa. Lafiyayyen namiji yana iya bayarwa duk wata 3, mace duk wata 4. Sai abin da ke ba mutane mamaki: jinin ɗan'uwa na jini ba shi ne ya fi dacewa da shi ba. Jinin iyaye ko na 'yan uwa shaƙiƙai in an sa masa kai tsaye yana iya jawo mummunar illa, yana kuma iya ɓata damar dashen ɓargo nan gaba. In za su bayar, su bayar a ajiye wa wani, a ba shi na bare.

In Allah ya taimaka, wajen mako na huɗu alƙaluma za su fara hawa. A sake zuƙo ɓargo, likita ya zo da fara'a ya ce mugayen ƙwayoyin sun koma ƙasa da kashi 5 cikin 100, cutar ta lafa. Yaro ya ci tuwo, ya yi wanka da kansa, ya fara tsokanar nas-nas. A daidai nan ne gidaje da yawa ke tattara kwanuka su tafi ba su dawo ba, domin an sayar da fili, an ci bashi, ga shi kuma ya warke a ido. Tarihin maganin nan da wannan darasi ya fara. A 1947 Sidney Farber ya ba yara masu wannan cuta aminopterin a Boston, suka tashi suna wasa, abin da ba a taɓa gani ba, bayan 'yan watanni cutar ta dawo ta tafi da su. Sai a shekarun 1960, da Donald Pinkel da abokan aikinsa a asibitin St. Jude na Memphis suka haɗa magunguna da yawa, suka bi cutar har maɓoyarta a ƙwaƙwalwa, suka ci gaba da magani shekaru bayan ta lafa, sannan aka fara maganar warkewa. Ranar da aka gano cutar ƙwayoyinta a jiki sukan kai tiriliyan guda; ranar da aka ce ta lafa, miliyoyi masu yawa na iya saura waɗanda madubin likita ba ya gani. In ta dawo kuma ta fi taurin kai.

Don haka lissafin kuɗi na dukan tafiyar za a yi tun farko, ba na zagaye ɗaya ba. Ka roƙi likita ya faɗa maka zagaye nawa ne da kimanin abin da kowanne zai ci. A naɗa mutum ɗaya mai riƙon amana ya riƙe asusu da rasit, a je ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin, a duba in yana da inshorar makaranta ko ta wurin aikin mahaifi. Mai son taimakawa a ce masa ya ɗauki nauyin abu sananne, gwajin mako ko maganin wata, ya fi kwalin lemo. In an kawo maganar dashen ɓargo, a sani cewa kowane shaƙiƙi, uwa ɗaya uba ɗaya, yana da damar 1 cikin 4 ta dacewa. A gidan da ake 'yan uba wannan yana rage yawan waɗanda za a gwada. An fara dashen a Nijeriya a 2011, a asibitin koyarwa na Benin, ga wani yaro mai sikila, amma har yanzu masu sankarar jini da yawa Indiya ko Masar ake kai su, kuɗin kuma ba na kowa ba ne.

Tsakanin waɗannan manyan abubuwa akwai ranaku masu tsawo da babu abin da ke faruwa sai ɗigar ruwa. Gashi yakan fara zuba mako biyu zuwa uku da fara kemo. Namiji ya aske tun kafin, da injin aski ba da reza ba. Budurwa kuwa ko da ɗankwali zai rufe, ranar da kitso ya biyo hannunta rana ce mai nauyi, kada a ce mata ai gashi ne kawai. Zai dawo, amma ba ranar ake faɗa mata haka sau goma ba. Cikin magungunan da ake bayarwa, prednisolone da dexamethasone suna kumbura fuska, su sa yunwar tsakar dare, su hana barci, su sa mutum mai haƙuri ya yi wa uwarsa tsawa. Maganin ne, ba tarbiyya ce ta lalace ba. Vincristine yana sa yatsu su yi dindiris, bayan gida ya yi tauri. A gaya wa likita, kada a yi masa dabarar gida.

Abin da ya fi ci wa matashi rai, a ganina, ba ciwon ba ne, komawa yaro ne. Jiya yana hawa babur ya je inda ya so, yau sai an riƙe shi zuwa banɗaki. Duk abin da zai iya yi da kansa a bar shi ya yi, ko da zai daɗe. A ja labule kafin a canja masa kaya. Namiji ya samu namiji mai taimaka masa da wanka, mace ta samu mace. Caja da data ba almubazzaranci ba ne, su ne hanyarsa zuwa ga tsararrakinsa da suke can suna rubuta jarrabawa, suna tafiya bautar ƙasa, suna ɗaura aure ba da shi ba. Wani ya je makarantarsa da takardar likita a jingine masa karatu bisa ƙa'ida, don ya san gurbinsa na nan. In ya ce yana tsoron mutuwa, kada ka yi saurin cewa haba, daina faɗar haka. Ka bar shi ya ƙarasa. Sau da yawa ba amsa yake nema ba, so yake a samu mutum ɗaya a gidan da ba sai ya yi masa ƙarfin hali ba.

Kai ma jiki gare ka. Jinyar wata da watanni ba ta mutum ɗaya ba ce, kuma a gidajenmu uwa ake bar wa ita har ta faɗi. A raba kwana tsakanin mutum biyu ko uku da suka san dokokin, littafin nan ya riƙa wucewa daga hannu zuwa hannu don kada bayani ya ɓace a sauyin mai jinya. Wanda ya sauka ya je gida ya yi barci a kan katifa, ba ya koma baranda ya ci gaba da karɓar baƙi ba.

Ranar sallama kada murna ta sa ka fita ba ka tambaya ba. Wace rana za a dawo, wane gwaji za a yi kafin ranar, wace ƙwaya ake sha kullum, wacce ake sha sau ɗaya a mako. A maganin ALL mercaptopurine ta kullum ce, methotrexate ta mako-mako, kuma rikita su yana da haɗari ƙwarai. Ka karɓi lambar da za a kira da dare, da takarda mai bayanin cutarsa da maganin da ya sha, wadda za a nuna a sashen gaggawa na kowane asibiti in zafi ya kai 38 a gida. A san tun yau motar wa za a tasa in hakan ta faru ƙarfe biyun dare, a kuma ware kuɗin mai da na allurar farko a wuri ɗaya, kada su shiga cefane.